Shekara 106 Paris ba ta da magajin gari, kuma ba mantuwa aka yi ba

Ranar da na fara karanta wannan abu sai da na koma na sake duba shekarun, don na ɗauka kuskuren bugu ne. Daga 1871 har zuwa 1977 birnin Paris ba shi da magajin gari. Shekara 106 cur. Kuma fa a ƙasar da ɗan ƙauyen da mutanensa ba su kai ɗari biyu ba yake da magajin garinsa da kansilolinsa da ɗan ofishinsa mai tuta a ƙofa, Faransa tana da irin waɗannan ƙananan hukumomi sama da dubu 30 kowacce da nata, amma babban birnin da ya tara miliyoyin mutane aka ce shi kam a'a, kantoma za a naɗo masa daga sama. In ka ja lissafin baya zuwa 1794, ka cire 'yan watanni a 1848 da wasu 'yan watannin tsakanin 1870 da 1871, za ka ga kusan shekara 180 ke nan kujerar tana garƙame.

Ni abin da na fahimta, kuma shi nake so mu tattauna, tsoro ne kawai ya jawo haka. Duk wanda ya hau mulkin Faransa, sarki ne ko soja ko farar hula, in ya leƙa ta taga ya ga yawan mutanen da ke kewaye da fadarsa sai gabansa ya faɗi, ya ce kar a kuskura a bar waɗannan su samu mutum ɗaya da zai yi magana da yawunsu. Kuma zan faɗi gaskiya, tsoron nasu yana da tushe, ruwa ba ya tsami banza. Amma duk da haka ina ganin zalunci ne aka yi wa mutanen birnin, kuma duk inda aka maimaita irinsa zalunci ne.

Abin ya samo asali tun kafin Paris ta samu magajin gari. A da wanda ke riƙe da harkokin birnin shugaban 'yan kasuwa ne, musamman masu fataucin kaya ta kogin Seine, shi ke kula da kasuwanni da tashoshin jiragen ruwa da harajin gari. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Étienne Marcel, ɗan kasuwar yadi. Shi ne a 1357 ya sayi gidan da aka mayar ofishin hukumar birni, kuma har gobe a wannan filin ofishin magajin garin Paris yake, wanda suke kira Hôtel de Ville. A lokacin Turawan Ingila sun kama sarkin Faransa a yaƙi tun 1356, mulki yana hannun yarima mai jiran gado, saurayi ɗan shekara 20. A watan Fabrairun 1358 Marcel ya ja dubban mutane suka kutsa cikin fada har ɗakin yarima, suka kashe manyan hafsoshinsa biyu a gaban idonsa, sannan Marcel ya cire hularsa mai launin ja da shuɗi, launin birnin Paris, ya ɗora wa yariman a ka, wai alamar yanzu yana ƙarƙashin kariyar mutanen gari. Ka tsaya ka hango wannan yaro, gawar mutanensa a ƙasa, hular wani a kansa. Wannan yaron shi ne ya zama Sarki Charles na biyar. Ta ina zai manta? Shi kuwa Marcel ko wata shida bai ƙara ba, a ƙarshen Yulin shekarar aka kashe shi a bakin ɗaya daga ƙofofin gari, bisa zargin zai buɗe wa abokan gaba. A 1383 kuma bayan wani boren haraji, sarki na gaba ya soke muƙamin ɗungurungum, sai bayan kusan shekara 30 aka dawo da shi. Wato tun a lokacin an samu dabarar: in Paris ta ɗaga kai, a ƙwace mata shugaba.

Na ƙarshe a jerin shugabannin 'yan kasuwan nan, Jacques de Flesselles, ranar 14 ga Yulin 1789 aka bindige shi a matakalar ofishinsa, ranar da aka fasa kurkukun Bastille a farkon juyin juya halin Faransa, saboda jama'a sun zarge shi da yi musu yawo da hankali kan maganar makamai. Washegari aka naɗa magajin gari na farko.

Wannan mutumin, Jean Sylvain Bailly, shi ne labarinsa ya fi taɓa ni a duk jerin. Masanin taurari ne, malami ne da ya shafe shekaru yana lissafin tafiyar watannin duniyar Jupita, siyasa ta zo ta same shi da girmansa. Shi ya jagoranci rantsuwar nan da wakilan jama'a suka yi a watan Yunin 1789 cewa ba za su watse ba sai ƙasa ta samu tsarin mulki, don haka lokacin da aka ba shi birnin, mutane kamar su goya shi. Ranar 17 ga Yulin 1789 shi ya tarbi Sarki Louis na 16 ya miƙa masa makullan gari, aka kuma maƙala wa sarkin bajin juyin juya hali mai launi uku. Shekara biyu daidai, rana ɗaya, 17 ga Yulin 1791, jama'a suka taru a filin Champ de Mars suna sa hannu a takardar neman a tsige sarki bayan ya yi yunƙurin tserewa, Bailly ya ayyana dokar soja, aka ɗaga jar tuta, dakarun da Lafayette ke jagoranta suka buɗe wuta, mutane da dama suka mutu. Daga ranar ya tashi daga gwarzo ya koma abin tsana. Ya sauka daga kujerar a ƙarshen shekarar ya bar gari, amma tsugune ba ta ƙare ba, a 1793 aka kamo shi aka yanke masa hukuncin kisa, aka ce a filin da aka zubar da jinin nan za a fille masa kai. Watan Nuwamba ne, ana sanyi ana yayyafi, jama'a suka ce jininsa ba zai ɓata musu filin ba, sai da aka kwance na'urar fille kan aka sake kafa ta a wani kwari a gefe, shi kuma dattijon yana tsaye a jiƙe yana jira. Ana ba da labarin wani ya ce masa Bailly rawar jiki kake yi, ya ce eh, amma sanyi ne kawai.

Ban kawo wannan don in wanke shi ba, wanda ya ba da izinin harbin mutanen da ba su da laifi sai takardar koke ya ɗauki alhaki babba. Abin da nake so a gani shi ne inda kujerar take ajiye mai ita. Magajin garin babban birni yana tsakanin gwamnatin ƙasa da ke son a yi shiru da talakawan da ke ƙofar ofishinsa suna ihu, ko wanne ya bi ɗayan zai ci shi. Wanda ya gaji Bailly, Jérôme Pétion, shi ya fi karkata wajen jama'a, shi ma daga baya guguwar ta juyo kansa ya gudu, a 1794 aka tsinci gawarsa a gona a kudu maso yammacin ƙasar namun daji sun ci wani sashe. Na ƙarshensu a wannan zamani, Fleuriot-Lescot, tare da Robespierre, jigon juyin juya halin, aka fille masa kai ranar 28 ga Yulin 1794. Cikin shekara biyar ke nan. Daga nan aka ce kujerar ma a ɗauke ta.

Napoleon ne ya zo a 1800 ya kafa tsarin da ya daɗe. Ya raba ikon birnin gida biyu, kantoma ɗaya na kula da ayyuka da kuɗi, wani kuma na kula da 'yan sanda, dukansu shi ke naɗawa shi ke saukewa. Wayo ne ƙwarai, don ko su biyun ba wanda ya tara iko a hannunsa balle ya yi tunanin wani abu.

To a nan ne masu goyon bayan naɗi suke da hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Za su ce maka wannan Paris ɗin da duniya ke tururuwar zuwa kallo, faffaɗan tituna, gine-gine masu tsayi ɗaya, lambuna, magudanun ƙarƙashin ƙasa, ruwan sha da aka janyo daga nesa, ai ba zaɓaɓɓe ne ya yi su ba, kantoma ne, Haussmann, wanda Napoleon na uku ya naɗa a 1853 ya yi shekara 17 yana rusawa yana ginawa, a zamaninsa ne ma a 1860 aka faɗaɗa birnin ya zama gunduma 20. Gaskiya ne. Kuma gaskiya ne da ƙyar wani mai neman ƙuri'a zai iya yin abin da ya yi cikin wannan lokaci. Amma me ya sa ya iya? Saboda ba ya buƙatar tambayar kowa. Unguwannin talakawa na tsakiyar gari aka bi da su aka shafe, masu gidaje aka biya su diyya, 'yan haya kuwa da su ne mafi yawa suka tattara komatsansu suka koma bayan gari inda kuɗin haya bai fi ƙarfinsu ba, ga bashi da aka jibga wa birnin ta hanyoyin da ko majalisar ƙasa ba ta gane kansu ba har sai da 'yan adawa suka taso shi gaba aka sauke shi a farkon 1870. Mai kallon hoton titi yau ba ya ganin matar da aka fitar da tukwanenta waje. Ni kuwa in ana maganar birni, ita nake fara tunawa, don birni mutane ne kafin ya zama gini, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abin mamaki, cikin waɗanda suka fi caccakar lissafin kuɗin Haussmann akwai wani lauya Jules Ferry, sai ga shi a Nuwamban 1870 shi ne magajin gari, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya. Rabon burodi ya faɗo kansa, yunwa ta kai mutane cin dawakai da ɓeraye har da dabbobin gidan zu, suka laƙaba masa sunan Ferry mai yunwa. Ranar 18 ga Maris 1871 da bore ya tashi sai da ya sulale ya bar gari. Abin da ya biyo baya shi ne gwamnatin 'yan gari da ake kira Commune, wadda ta yi wata biyu da 'yan kwanaki tana mulkin Paris, har sojojin gwamnati suka shigo a ƙarshen Mayu aka yi mako guda ana kisa, dubban mutane suka mutu, shi kansa Hôtel de Ville 'yan boren suka cinna masa wuta ya ƙone ƙurmus da takardun tarihin da ke ciki. An sake gina shi kusan yadda yake, ginin da ake gani yau ke nan. Gini ya dawo, kujera ba ta dawo ba. Ko da aka yi babbar dokar ƙananan hukumomi a 1884 wadda ta tabbatar wa kowane gari 'yancin zaɓen shugabanninsa, Paris aka ware. An bar mata kansiloli zaɓaɓɓu, da shugaban majalisa na jeka-na-yi-ka, amma sa hannu da kuɗi da ma'aikata duk suna wajen kantoma.

Wanda maciji ya sara in ya ga igiya sai ya gudu, na yarda. Amma shekara ɗari? Jikokin jikokin waɗanda suka yi boren ne fa ake ci gaba da hukuntawa.

Kuma ga abin da mulkin wanda ba ya tsoron ƙuri'a yake iya haifarwa. A watan Oktoban 1961, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, shugaban 'yan sandan Paris Maurice Papon ya sa dokar hana fitar dare a kan 'yan Aljeriya kaɗai. Ranar 17 ga wata dubbansu suka fito zanga-zangar lumana, maza da mata har da yara, da yawa sun sa kayansu na fita kunya. 'Yan sanda suka far musu da duka da harbi, aka kama sama da dubu 10, aka jefa wasu cikin kogin Seine daga kan gadoji, kwanaki ana tsamo gawarwaki. Hukuma ta ce mutum biyu ko uku ne suka mutu, masana tarihi daga baya suka nuna gommai ne a ƙalla, wasu na cewa sun haura ɗari. Papon ya ci gaba da zama a kujerarsa har 1967, daga baya ma ya zama minista, sai a 1998 kotu ta ɗaure shi, shi ma kan wani tsohon laifi ne daban, na hannu a tasa ƙeyar Yahudawa zuwa sansanonin 'yan Nazi. Ba na cewa da akwai magajin gari a ranar da ba a yi kisan ba, don 'yan sandan ba a hannunsa za su kasance ba, kuma da yawan waɗanda aka kashe a bayan gari suke zaune. Amma a ce an yi irin wannan a tsakiyar birni, kuma babu mutum ɗaya mai nauyin da jama'ar birnin suka ɗora masa wanda za a tsare a tambaye shi me ya gani, me zai ce, wannan giɓin ba ƙarami ba ne.

Shugaba Valéry Giscard d'Estaing ne ya dawo da kujerar da dokar ƙarshen 1975, da tunanin nasa zai hau. Ya tsayar da Michel d'Ornano. Sai Jacques Chirac, wanda bai daɗe da ajiye muƙamin firaminista cikin fushi ba, ya kafa sabuwar jam'iyya, ya ce shi ma yana so, ya kuma kayar da ɗan takarar shugaban ƙasa a Maris 1977. Wato zaɓen farko ma abin da sarakuna suke gudu tun zamanin Marcel shi ya faru, babban abokin hamayya ya samu fada a tsallaken fada.

Chirac ya yi shekara 18. Ya yi aiki, ba mai musu, musamman tsaftar gari da kula da tsofaffi, har a zaɓen 1983 da na 1989 ya lashe gundumomi 20 ɗin gaba ɗaya. Amma kuma ya mayar da ofishin tsani da rumbu, yana magajin gari yana firaminista daga 1986 zuwa 1988, daga nan ya haye shugabancin ƙasa a 1995. Daga baya ta fito cewa akwai ma'aikatan bogi da birnin ke biya albashi alhali jam'iyya suke wa aiki. Wanda ya gaje shi, Jean Tiberi, shi ma kotu ta same shi da laifi kan cusa sunayen masu zaɓen bogi a gundumarsa. Mai adawa da ra'ayina zai ce to ka gani, ga zaɓaɓɓun naka. Na gani. Amma a duba yadda ta ƙare: a 2001 mutanen Paris suka juya wa ɓangaren baya da ƙuri'arsu, a Disamban 2011 kuma kotu ta yanke wa Chirac, tsohon shugaban ƙasa guda, ɗaurin shekara biyu na je-ka-gyara-halinka kan kuɗin birnin. Akwai 'yan adawa a majalisar birni da ke bin takardu, akwai 'yan jarida, akwai ranar zaɓe da ke tafe ko ana so ko ba a so. Ɓarnar zaɓaɓɓe tana da ranar ƙarewa da hanyar kamawa. Kantoma kuwa in dai wanda ya naɗa shi yana jin daɗinsa, kukanka a banza.

Ba Faransa kaɗai ke da wannan cuta ba ma. A Landan, majalisar birnin ƙarƙashin Ken Livingstone ta riƙa rataya adadin marasa aikin yi a saman gininta yana kallon majalisar dokoki ta tsallaken kogi, firaminista Margaret Thatcher ta soke majalisar birnin baki ɗaya a 1986, birnin ya yi shekara 14 ba shugabanci na bai ɗaya, da aka ƙirƙiro kujerar magajin gari a 2000 kuma mutane suka sake zaɓo Livingstone ɗin nan a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. A Washington sai da dokar 1973 mazauna birnin suka samu damar zaɓen magajin gari na zamani, kuma har yanzu majalisar dokokin Amurka na iya soke dokar da suka yi wa kansu. Hujjar kullum ɗaya ce, wai babban birni na kowa ne don haka bai kamata a bar wa mazaunansa ba. Ni wannan magana ba ta shiga kaina. Fadar shugaban ƙasa ta kowa ce, majalisa ta kowa ce, ofisoshin jakadanci a tsare su yadda ya kamata, ba wanda ya hana. Amma kwatar da ta toshe a layinku, da makarantar da ɗanka ke zuwa, da motar hayar da kake jira da asuba, waɗannan na wanda ke kwana a garin ne, kuma shi ke biyan harajinsu.

Waɗanda suka zo bayan 2001 sun nuna me kujerar ke iya yi in aka mayar da hankali kan garin kansa. Bertrand Delanoë, haifaffen Tunis, shi ya kawo kekunan haya na Vélib' a 2007 ya kuma dawo da taragon kan titi, an ma taɓa daɓa masa wuƙa a cikin Hôtel de Ville a 2002 daren da ya buɗe wa jama'a ƙofa, ya warke ya ci gaba har 2014. Anne Hidalgo, wadda aka haifa a Sifaniya, mace ta farko a kujerar, ta hana motoci bin titin bakin kogi, ta rage gudun mota zuwa kilomita 30 a yawancin titunan birnin, ta sha zagi kan haka da kan datti da bashi, masu shigowa aiki daga bayan gari da ba su da ƙuri'a a Paris suna da ƙorafi na gaske a kanta. A Yulin 2024 ta shiga kogin Seine ta yi iyo don nuna an tsaftace shi, alƙawarin da Chirac ya taɓa ɗauka bai cika ba. Da ta nemi shugabancin ƙasa a 2022 ko kashi 2 cikin ɗari ba ta samu ba, alhali shekara biyu kafin nan Paris ta sake zaɓenta. Wannan ya burge ni, don ya nuna masu zaɓe sun san bambancin kujerun biyu fiye da yadda masu tsoron ba su dama suke zato.

Sai dai har yau ba a saki igiyar duka ba. Ofishin shugaban 'yan sandan da Napoleon ya kafa a 1800 yana nan daram, gwamnatin ƙasa ke naɗa mai shi, sai a 2021 birnin ya samu nasa 'yan sandan, su ma ba sa riƙe bindiga.

Wata bakwai da hawan Delanoë, ranar 17 ga Oktoban 2001, ya je gadar Saint-Michel, 'yan taku kaɗan daga hedikwatar 'yan sandan, ya buɗe wani ƙaramin allo a jikin bango don tunawa da 'yan Aljeriyan da aka kashe shekara 40 da suka wuce. Kansilolin ɓangaren adawa suka ƙaurace wa taron. Rubutun allon gajere ne, bai ambaci sunan Papon ba, bai ma ce 'yan sanda ne suka yi ba, kuma zaɓaɓɓu biyu sun yi shekara 24 a kujerar kafin shi ba su sa ko wannan ɗin ba. Shugaban ƙasa kuwa sai a 2012 François Hollande ya fito ya amsa cewa an yi kisan, shekara 11 bayan magajin gari ya riga ya tsaya a kan gadar tare da 'ya'ya da jikokin mamatan.